Amsoshin Wasiƙunku: Shiga Jirgin Ruwan Shaƙatawa a Zamanin Korona

  Wasiƙun da na ware yau, a farkon shekarar 2022, duk sun haɗu a kan abu guda, wato tafiya a manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda mutum ke kwana a ciki, ya ci a ciki, yau a tsaya a wannan gari, gobe a wayi gari a wata ƙasa. Ba tafiya ce da muka saba da ita ba, amma 'ya'yanmu mazauna ƙasashen waje sun fara kai iyayensu, shi ya sa tambayoyin suka fara zuwa.

Wasiƙar farko daga wata Hajiya ce a Kano. Ta ce 'yarta da ke aikin jinya a Amurka ta biya musu kuɗin tafiyar kwana bakwai, jirgin zai tashi daga Miami a watan gobe. Ta ce: "Na yi allurar rigakafi sau biyu, kuma ina da kati. To me ya sa ake ta yi mini maganar gwaji? Sau nawa za a gwada ni, kuma yaushe? Shekaruna sittin da takwas, ina da ciwon suga da hawan jini."

Hajiya, ranki ya daɗe, Allah ya yi wa 'yar nan albarka da ta tuna da ke. Bari mu ƙirga tare, domin a wannan tafiya ƙirgen kwana ne ke kayar da mutane. Kafin a yi maganar jirgin ruwa, sai kin fara shiga Amurka. A ƙa'idar da ta fara aiki ranar 8 ga Nuwamban 2021, baƙon da zai shiga ƙasar ta jirgin sama sai ya nuna shaidar cikakken rigakafi, kuma suna karɓar duk allurar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, ciki har da AstraZeneca da aka fara yi mana a watan Maris na 2021. Cikakke a wajensu shi ne a yi kwana 14 bayan allura ta biyu. Sannan ranar 6 ga Disamban 2021, bayan ɓullar nau'in Omicron, suka rage wa'adin gwaji daga kwana uku zuwa kwana ɗaya. Idan jirginki na sama zai tashi ranar Talata, gwajin Litinin ko na Talatar ake so. Na Lahadi ya mutu. Wannan gwaji na ɗaya ke nan.

Na biyu shi ne na shiga jirgin ruwan. Ga wanda ya yi rigakafi, ƙa'idar tashoshin Amurka a farkon 2022 ita ce gwajin da bai wuce kwana biyu ba kafin ranar shiga. Jirgin da zai tashi Asabar, gwajinsa na Alhamis ne ko Juma'a. Don haka takardar da kika shigo da ita daga gida ba za ta yi miki aiki a nan ba, sai an sake. Kuma ki gaya wa 'yarki, ko da yake ta fi ni sani, abin gwajin nan da ake saya a kantin magani mutum ya yi da kansa a ɗaki ba ya wadatarwa, sai dai in ma'aikacin lafiya ya kalli yadda aka yi, ko ido da ido ko ta bidiyo, ya kuma ba da takarda mai ɗauke da suna da kwanan wata. Na uku da na huɗu, a ƙa'idar farkon 2022, na dawowa gida ne: gwajin PCR kafin ki taso zuwa Najeriya, tare da yin rajista a shafin gwamnati na matafiya, da kuma wani a rana ta biyu bayan kin sauka. Gwaji huɗu ke nan aƙalla, kowanne da kuɗinsa da wa'adinsa.

Akwai wani abu da nake roƙon ki yi yau ɗin nan, Hajiya, tun kafin a kai ga gwaji. Ki ɗauko fasfonki da katin rigakafinki, ki sa jikanki ya karanta miki su harafi bayan harafi. Mu nan Hauwa'u da Hauwa da Hawa duk mutum ɗaya ne, haka Muhammad da Mohammed. Ma'aikacin da ke bakin tashar jirgi bai san wannan ba, abin da ke rubuce kawai yake dubawa. In sunan ko ranar haihuwa sun saɓa, ki koma inda aka yi miki allurar a gyara tun yanzu. Ki kuma tabbata lambar da ke jikin katin, wadda ake haskawa da waya, tana fito da bayananki. Tun ran gini tun ran zane. A duba bizar kuma, ta zama mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, domin jirgin zai bar Amurka ya je wasu ƙasashe sannan ya dawo. Maganar sugar da hawan jinin ban manta da ita ba, zan dawo kanta kafin mu rabu.

Sai wani malamin makaranta daga Maraɗi, wanda ya ce shi ba tafiyar zai yi ba, mamaki ne ya kama shi. Ya ce me ya sa aka fi tsananta wa jiragen ruwa, alhali kasuwa ma a cike take da mutane?

Malam, tambayarka ta yi kyau, kuma amsarta tana cikin labarin wani jirgi da ake kira Diamond Princess. Ya tashi daga Yokohama ta ƙasar Japan ranar 20 ga Janairun 2020. Wani fasinja ya sauka a Hong Kong, bayan 'yan kwanaki aka gano yana ɗauke da cutar. Da jirgin ya koma Yokohama a farkon Fabrairu, sai hukuma ta hana kowa sauka. Mutum 3,711 ne a ciki, fasinjoji da ma'aikata. Aka tsare fasinjoji a ɗakunansu har mako biyu, wasu ɗakunan ko taga babu. Ma'aikata kuwa ba su da damar zama, su ke dafa abinci, su ke kai shi ƙofa-ƙofa, su kwana a ɗaki ɗaya su biyu ko fiye. Kafin a gama, mutum 712 sun kamu, fiye da goma sun rasu. Ka ga bambancinsa da kasuwa. Wanda ya je kasuwa zai koma gida da yamma. A jirgin ruwa, mutum dubu uku ne ke cin abinci a wuri ɗaya, suna riƙe ƙarfen matakala ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya dare da rana, kuma da yawansu dattawa ne. In ciwo ya yi tsanani a tsakiyar teku, ɗakin shan maganin jirgi ƙarami ne, babban asibiti kuma yana da nisa.

Wannan ne ya sa ranar 14 ga Maris na 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta dakatar da tashin irin waɗannan jirage daga Amurka. Sai ranar 26 ga Yunin 2021 babban jirgi na farko, Celebrity Edge, ya sake ɗaukar fasinjoji daga Florida, bayan wata goma sha biyar. Dokar da hukumar ta kafa musu ta ƙare ranar 15 ga Janairun 2022, daga nan bin tsarinta ya zama na ganin dama. Amma kada wani ya ji haka ya saki jiki, domin kamfanonin da ƙasashen da jiragen ke tsayawa suna da nasu sharuɗɗan, kuma waɗannan ba su ƙare tare da ita ba.

Daga Jidda, wani ɗan'uwa da aka haifa a can ya rubuto. Ya ce yana so ya kai iyalinsa yawo a Bahar Maliya, tunda jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar mutane daga Jidda a watan Yulin 2021. Amma ya yi korona wata ɗaya da ya wuce, ya warke sarai, sai ga shi gwaji na sake nuna yana da ita.

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, wannan abu ne sananne. Gwajin PCR ɓurɓushin ƙwayar cutar yake nema, ba ya bambance mai rai da matacciya, kuma ɓurɓushin kan daɗe a hanci har wata uku bayan mutum ya warke, alhali ba ya harbin kowa. Abin da za ka yi shi ne ka adana takardar gwajin farko da ta nuna ka kamu, mai kwanan wata, ka haɗa da takardar likita da ke cewa ka warke. Sannan ka tambayi kamfanin a rubuce ko suna karɓar wannan a madadin sabon gwaji, kuma ka jira amsarsu a rubuce kafin ka biya. Maganar baki ta dillalin tikiti ba za ta tsaya maka a bakin jirgi ba. 

Tunda da yara za ka tafi, ga abin da za ka ja musu kunne a kai. Idan jirgi ya tsaya a wani gari aka ce fita sai cikin ayarin da kamfani ya shirya, to a zauna cikin ayarin. A watan Agustan 2020, lokacin da jirgin MSC Grandiosa ya buɗe tafiye-tafiye daga Genoa ta Italiya, wasu iyali sun bar ayari a Naples suka tafi yawonsu. Da suka dawo, an hana su komawa jirgin.

Wasiƙa ta gaba ita ce ta fi damuna. Wani matashi, ba zan faɗi garinsa ba, ya ce ya samu tayin aiki a kicin ɗin wani jirgin ruwa, kuma wani ya ce zai haɗa masa takardar gwaji da katin rigakafi ba tare da an taɓa jikinsa ba, a kuɗi kaɗan. Yana tambaya ko ya karɓa.

Ƙanena, kada ka karɓa. Ta fuskar amfaninka ma, a ƙa'idar farkon 2022 ma'aikatan jirgi ana gwada su kafin shiga, a sake gwada su a kai a kai bayan sun shiga, kuma takardar bogi laifi ce da za ta iya raba ka da aikin da bizar gaba ɗaya. Amma abin da ya fi wannan nauyi shi ne mutanen da za su ci abincin da ka dafa. A cikinsu akwai sa'ar mahaifiyarka, mai irin ciwon da Hajiyarmu ta Kano ta ambata, wadda ta yarda ta shiga jirgin ne domin an tabbatar mata an gwada kowa. In ka shiga da ƙarya ka harbe ta, haƙƙin ranta yana wuyanka, ko da ba wanda ya gano. Allurar nan kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati. Ka je ka yi, ka ƙirga kwanakinka, ka shiga aikinka da gaskiya. Kuma in ka wayi gari a jirgi da zazzaɓi ko tari, ka faɗa, kada tsoron killacewa ya sa ka ɓoye.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta tambayi abin da ya kamata a riƙe a jaka. Takunkumin fuska masu yawa, takardun nan duka a buga su a kan takarda ko da suna cikin waya, domin intanet a teku tsada gare shi kuma yakan yanke, sai magungunan da mutum ke sha kullum, na kwanakin tafiya da ƙarin na mako biyu, a jakar hannu. Katin allurar shawara ma a tafi da shi. A jirgi kuma a yawaita wanke hannu da sabulu, saboda akwai wata ƙwayar cutar amai da gudawa da ta daɗe tana addabar jiragen ruwa tun kafin korona, kuma man shafawa a hannu ba ya kashe ta sosai.

Yanzu na dawo gare ki, Hajiya. Ki tambayi 'yarki abu biyu. Na farko, an saya miki inshorar tafiya da ta ambaci korona da sunanta, wadda za ta biya kuɗin asibiti da na otal in an killace ki, da na canza tikitin dawowa? Jinya a Amurka ba ta da sauƙi ko ga masu hali. Na biyu, idan gwajin ranar Alhamis ya nuna ɗayanku na da cutar, kamfanin zai mayar da kuɗi ne ko zai ɗaga tafiyar? Yawancinsu a farkon 2022 suna yarda a ɗaga, amma a karanta sharaɗin da kyau.

Kin tambaye ni sau nawa za a gwada ki, na ba ki amsa. Ga kuma abin da ba ki tambaya ba, amma ba zan ɓoye miki shi ba. Ranar 30 ga Disamban 2021, CDC ta ɗaga gargaɗinta kan waɗannan jirage zuwa mataki mafi girma, ta ce jama'a su kauce musu ko sun yi rigakafi ko ba su yi ba, saboda yadda Omicron ke yaɗuwa a cikinsu. Gwaji yana rage haɗari, amma wanda ya kamu jiya zai iya tsallake gwajin yau ya shiga jirgi. Da shekarunki da waɗannan cututtuka biyu, da mahaifiyata ce, zan roƙe ta ta ɗaga tafiyar zuwa wasu watanni, ta karɓi allura ta uku, ta kuma ga likitanta kafin ta sa sabuwar rana. In kina son ganin 'yarki da jikokinki, ki je ki zauna da su a gida, wannan ya fi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Ki kira ta a daren nan ku yi shawara, ki kuma rubuto mana abin da kuka yanke.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.