Amsoshin Tambayoyinku: Wane Haɗin Fuska Ne Ya Dace Da Ni?

TAMBAYA: Ni matar aure ce a garin Gwarzo. Ƙanwata da ke aure a Kabo ta koya mini wani haɗin fuska da take yi: farar ƙasa da kurkur da ruwan lemun tsami, a kwaɓa a shafa a bar shi ya bushe. Ita fuskarta ta yi santsi, ƙurajenta sun ragu. Ni kuwa tun da na fara a cikin sanyin nan fuskata take ɗaurewa tana raɗaɗi, kumatuna sun yi duhu. Wata ta ce dattin fata ne yake fita, in daure. Wata kuma ta ce in sayi haɗin roba mai sa haske cikin mako guda. Don Allah wanne ya dace da ni?

AMSA: Kafin komai, ki ajiye haɗin nan daga yau. Raɗaɗin da kike ji ba datti ba ne yake fita, fatarki ce take ƙonewa a hankali, kuma dauriya ba za ta ƙara miki komai ba sai tabo.

Ƙanwarki ba ta cuce ki ba, abin da ya yi mata aiki ta ba ki. Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Daga bayaninki, fatarta mai maiƙo ce, taki kuwa busasshiya. Aikin farar ƙasa shi ne tsotse maiƙo. A fuskar da maiƙo ya yi wa yawa har yana toshe ƙofofin gashi yana kawo ƙuraje, wannan taimako ne. A fuskar da ɗan maiƙon da take da shi bai ma ishe ta ba, ƙasar sai ta kwashe shi tas, ta bar fatar a buɗe. Ga shi kin fara a lokacin hunturu, lokacin da laimar iska a ƙasar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, iskar da kanta tana zuƙe ruwan jikin fata tun kafin ki shafa komai.

Lemun tsamin ne ya ƙara dagula lamarin. Fatar ɗan Adam tana da ɗan tsami-tsaminta na halitta, wanda a ma'aunin masana yake wajen 5, shi ne yake taimaka mata ta riƙe ruwa ta kuma kare kanta daga ƙwayoyin cuta. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, wato tsaminsa ya ninka na fata nesa ba kusa ba. Bayan haka akwai wani sinadari a cikinsa da idan ya taɓa fata aka shiga rana, wurin yakan ƙone ya yi baƙi. Fata irin tamu kuma haka Allah Ya yi ta: duk inda ta ji ciwo, ko na ƙurji ne ko na ƙuna ko na dirza, sai ta tara launi a wurin. Duhun kumatunki ke nan. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga ana raba wa mata haɗin lemun tsami da sunan maganin tabo, alhali sau da yawa shi ne mai kawo tabon. Kanwa da toka da tafarnuwa da makilin da wasu ke ɗiga wa ƙurji duk layinsu ɗaya, kada ko ɗaya ya hau fuskarki.

Don ki tabbatar da irin fatarki, ki wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ki goge, kada ki shafa komai, ki jira awa guda. Idan ta ɗaure ta yi fururu, busasshiya ce. Idan ta fara ƙyalli ko'ina, mai maiƙo ce. Idan goshi da hanci ne kawai suke ƙyalli, kumatu kuwa a bushe, to kina da biyun, kuma haka mata da yawa suke. Gwajin nan kan canza da lokaci. Fuskar da ta bushe a watan Janairu tana iya tsatsafo da maiƙo a Afrilu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40, don haka haɗin da ya karɓe ki da sanyi ba lallai ya karɓe ki da zafi ba.

Yanzu abin da za ki yi: ki ba fuskar hutun mako biyu cur. Babu haɗi, babu dirza, babu soso. Ki riƙa wanke ta da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, kuma tun tana da danshi ki shafa man kaɗe mai kyau ko basilin kaɗan. A shafa mai a kan danshi, a nan dabarar take, domin man ba ya kawo ruwa, riƙe wanda ya tarar yake yi. Idan raɗaɗin ya tafi, haɗin da ya dace da ke mai sauƙi ne: cokali guda na zuma da cokali guda na kindirmo sabo mai tsabta. Zuma tana jawo danshi ta riƙe shi, kindirmo kuma yana da ɗan tsami mai laushi da ke sassauta matacciyar fata ba tare da karce ba. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, sau ɗaya ko biyu a mako, ki wanke, ki bi da mai. In kina son kurkur, ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta ya wadatar, don yawansa rina fuska kawai yake yi. Irin na takarda mai laima da ake mannawa a fuska, wanda Koriya ta Kudu ta yi fice da shi kuma ana samunsa a shagunan kayan kwalliya a Kano, shi ma na masu busasshiyar fata ne. Kada dai ki bar shi ya bushe a fuskarki, ki cire bayan minti 15 zuwa 20.

Ita ƙanwar taki tana iya ci gaba da farar ƙasarta, ba wani abin ƙi ba ne. Matan Maroko sun daɗe suna amfani da irin tasu ƙasar da ake haƙowa a duwatsun Atlas, na Indiya da Pakistan ma suna da tasu. Amma ta kwaɓa da ruwa zalla, ta tabbatar ƙasar mai tsabta ce an tankaɗe ta, ta kuma wanke tun kafin ta bushe ta tsattsage, wajen minti goma. Sau biyu a mako ya isa ko da bazara ne. Mai fata biyu kuwa sai ta sa ƙasar a goshi da hanci, zuma a kumatu.

Na san za a ce ina dilka? Dilka, wadda ta zo mana daga Sudan ta hanyar Barno, gyaran jiki ce mai kyau, amma dirzar da cinya da baya za su ɗauka fuska ba za ta ɗauka ba, balle fuska mai ƙuraje. Amare musamman nake ja wa kunne: makon biki ba lokacin gwada sabon haɗi ba ne. Duk abin da ba ki taɓa shafawa ba, ko na gida ne ko na kanti, ki fara ɗiga shi a bayan kunne ko cikin dantse, ki jira kwana biyu. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ki bar shi.

Sai maganar haɗin roba, wadda ta fi damuna a cikin wasiƙarki. Fata tana ɗaukar wajen mako huɗu kafin ta sabunta kanta. Babu zuma ko ganye ko ƙasar da za ta canza launin mutum cikin kwana bakwai. Abin da ke yin haka sinadarai ne masu ƙarfi: magungunan kumburin fata irin su kulobetasol, waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su na ɗan lokaci, ko haidurokwinon, wanda hukumar NAFDAC ta hana ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafa, ko kuma makuri, wanda aka haramta gaba ɗaya domin yana lalata ƙoda kuma yana iya cutar da ɗan da ke ciki. Robar da ba ta da sunan kamfani, ba ta da jerin abin da aka zuba, ba ta da lambar NAFDAC, ba ki da hanyar sanin wanne ne a ciki, ko da mai sayarwa ta rantse miki cewa duk kayan gargajiya ne. Da farko fuska takan yi haske, a yi ta yaba miki. Bayan watanni sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, kumatu su yi baƙin da ya fi na da, kuma ranar da aka daina shafawa fuskar ta rikice. A shekarar 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Launin da kike da shi ba ciwo ba ne da zai nemi magani. Lafiyar fatar ake nema, ita ce ke kawo sheƙin da kike gani a fuskar wasu.

Duhun kumatun zai dusashe, amma a hankali, cikin watanni, kuma rana ce babbar mai hana shi tafiya. Hijabi yana rufe kai da wuya, kumatu kuwa a waje suke. Idan za ki fita da tsakar rana ki riƙe lema, in da hali ki nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka. Ki sani kuma akwai duhun kumatu da juna biyu ko ƙwayoyin tazarar haihuwa ke kawowa, akwai kyasbi da makero waɗanda ƙwayar cuta ce ke haddasa su. Waɗannan babu haɗin da zai warkar da su. Idan bayan mako biyun nan raɗaɗin bai tafi ba, ko fuskar ta kumbura, ko tana tsatsafar ruwa, ki je Babban Asibitin Gwarzo. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki wurin likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Bela. Ki tafi da duk abin da kika shafa ki nuna wa likita, kada ki ɓoye ko ɗaya.

Ki isar wa ƙanwarki da saƙona cewa ta cire lemun tsamin ita ma, ko da bai nuna mata illa ba tukuna. Ke kuma ki sake rubuto mana bayan wata guda mu ji yadda fuskar take. Allah Ya ba ki lafiya.