Rikici da Haɗin Kan Ƙasashe: Ɗan Poli Ma Yana da Gurbi

'Yan uwa ɗalibai, da na ce ina karatun gaba da digiri a fannin rikici da haɗin kai tsakanin ƙasashe, sai a ce, "Ai wannan na 'yan jami'a ne masu son zama jakadu." Bari in kawo muku misali ɗaya daga abin da muke nazari.

A 1994 Kamaru ta kai Nijeriya ƙara Kotun Duniya kan yankin Bakassi. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotu ta ba Kamaru gaskiya, ta dogara da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. To amma fa kotun nan ba ta da soja ko ɗan sanda. Wa zai sa Nijeriya, wadda ta fi ƙarfi, ta kwashe sojojinta? A kan irin wannan tambaya fannin namu yake kai-kawo. Wasu masana sun ce ƙasa ba ta jin magana sai ta ga ƙarfi. Wasu kuma sun ce tana gudun zubar da mutuncinta, kada gobe a ƙi yarda da alkawarinta. A Bakassi dai na fi karkata ga na biyun. Kofi Annan ya yi ta zaunar da Obasanjo da Paul Biya har suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008. Masuntan Nijeriya da aka haifa a can kuwa, su suka ji a jikinsu.

Ga inda abin ya shafe mu. Hukuncin ya haɗa da iyakar gaba ɗaya, tun daga Tafkin Chadi har bakin teku, kusan kilomita 2,000. Sai da masu safiyo da masu zana taswira suka bi dutse da kwari ana kafa turakun kankare. Jakada, duk iya bakinsa, bai san awon ƙasa ba.

Mai HND yawanci sai ya yi PGD kafin a ɗauke shi mastas, kuma Jami'ar Ibadan tana cikin masu koyar da nazarin rikici da zaman lafiya. Ka shirya wa karatu da rubutu mai yawa, don a nan hujja ake so, ba hadda ba. Sannan ka fara koyon Faransanci tun yanzu. Binin, Nijar, Chadi da Kamaru, duk maƙwabtanmu huɗu da shi aka rubuta galibin takardunsu.