Wa Zan Ba Wa 'Yar Magen da Na Tsinta?

Tambaya: Na tsinci 'yar mage a cikin kwata bayan an ɗauke ruwa a nan Doma. Ta murmure, amma maigidana ya ce ba za ta zauna ba. Wa zan ba wa hankalina ya kwanta? Daga wata mai karatu, Doma.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Ki roƙi maigida ya ƙara miki haƙuri har ta cika wata biyu, ta iya cin abinci da kanta. Kada ki ba ta madarar shanu, zawo take sa mage.

Mai karɓa ba zai yi wuyar samu ba. Doma garin manoma ne, daga masu shinkafa a wajen Rukubi har masu ajiye riɗi da doya, kuma ɓera ya ishe su. Sai dai haɗarin ma a nan yake. Kafin ki miƙa ta, ki tambaya: kuna zuba maganin ɓera? In sun ce e, ko dai su daina, ko ki nemi wani gidan. Mage kan lashi gubar, ko ta ci ɓeran da ya ci ta. Na ga muzurun maƙwabcinmu kwance a gindin rumbu, jini na fita ta hanci, ba wanda ya iya yi masa komai. Har yau abin yana damuna.

Ki je gidan da ƙafarki. Duba ko akwai kare mai faɗa, ko yaran da ke jifan dabba. Wanda ya ce ai ɓera zai ƙosar da ita, ba sai an ba ta abinci ba, ban yarda da shi ba. Ki kuma gaya musu kada su taɓa ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage.

Idan ta cika wata uku, a kai ta wurin likitan dabbobi a Lafiya a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, domin mage ma na kamuwa, kuma tana iya sa wa mutum ta hanyar cizo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, na cikin masu haɗa allurar.

Ranar kai ta sabon gidan, a sa ta a kwali mai huji tare da tsumman da ta saba kwanciya a kai, kada a ɗaure ta a buhu. Su rufe ta a ɗaki kamar mako biyu, in ba haka ba za ta kama hanyar komawa gidanki ta ɓace. Bayan wata guda ki leƙa ki gan ta.