Haƙƙin Kaka Mai Renon Jikoki

A cikin birnin Kano, daga Jakara zuwa Ƙofar Mata, daɗaɗɗiyar al'ada ce idan yaro ya kusa shekara 2 a kai shi gidan kakarsa domin yaye. Da dama daga cikin yaran nan sukan zauna a hannunta har su yi wayo. Mu ma haka muke yi a gidajenmu: uwa ta tafi aiki ko kasuwa, kaka ta goya, ta ciyar, ta yi jinya.

Abin tambaya shi ne: wa yake ɗaukar nauyin kaka? Tsohuwa da ke ƙulla gyaɗa ko dakan fura takan ajiye sana'arta saboda reno, jarinta ya karye, kunya kuma ta hana ta tambayar ɗanta.

A Ingila, tun shekarar 2011, kakan da ke kula da jikan da bai kai shekara 12 ba yana iya neman a lissafa masa lokacin nan cikin fanshonsa na gwamnati. A Nijeriya babu irin wannan tsari. Ko da yake an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, renon jikoki ba ya kawo wa kaka ko kwabo daga hukuma. Saboda haka nauyin yana wuyanmu.

Dokar Allah ta huɗu ta umarce mu da girmama iyaye. Girmamawa kuwa ta haɗa da cefane da magani. Idan muka ce “albashi”, kaka za ta ji an mayar da ita 'yar aiki, ta ƙi karɓa. Bari mu yanka mata rabo sananne kowane wata, mu kai da hannunmu, mu durƙusa mu ce, “Inna, ga na goro.” Abincin yaro da sabulunsa su zama dabam. Mu yi mata rajistar inshorar lafiya, mu kuma bar mata ranar hutu.

A 2021 Paparoma Francis ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli domin kakanni da tsofaffi. Kada mu jira ranar.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Wace sana'a kakar 'ya'yanmu ta bari sabili da mu?
2. Nawa muka ba ta a watan jiya?