Kafin Fenti, Ka Fara da Birki

Ɗana, na ji ka sayi tsohuwar Land Rover, Series III, kana son ka tashe ta. Madalla, Allah ya sa albarka. Daga 1971 zuwa 1985 aka ƙera irinta, ka ga ko autarsu ta kai shekara 40, amma har gobe su ne ke hawa da sauka da kaya a tsaunukan Mambila. Sai dai na lura hankalinka na kan fenti da ƙarar inji. Mota in ta ƙi tashi, lokaci ka yi asara. In ta ƙi tsayawa kuwa, maganar rai ake yi.

Fara da man birki. Shi wannan mai yana tsotsar danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Kana cikin doguwar gangara diram ya ɗau zafi, mai ya tafasa, ka taka birki sai ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa salin-alin. Ruwan nan kuma shi ke cin silinda da tsatsa ta ciki. Zubar da tsohon gaba ɗaya, sannan ka riƙa canzawa duk shekara 2. Kada ka kuskura ka zuba baƙin mai ko man giya a madadinsa, kumbura robobi yake yi.

Sai ka kwance ƙafafu huɗun, domin duk diram ne. Kafin ka cire komai, ɗauki hoton yadda shu da sifirin suke zaune, saboda juya su ba wuya. Ɗaga robar bakin silinda ka leƙa. In ka ga jiƙa, tana yoyo. Sa yatsa ka shafa cikinta, in ka ji ƙuraje-ƙurajen tsatsa, sabuwar roba ba za ta riƙe ba, canza silindar kawai. Shu kuwa, in man akasil ya jiƙa shi, kada wani ya ce maka a wanke da fetur ko a ƙona. Sa sabo, ka canza sil ɗin da ya kawo yoyon, kuma hagu da dama tare ake yi musu. Ƙurar cikin diram kada ka hura ta, tsofaffin shu da yawa suna da asbestos mai lalata huhu. Jiƙa tsumma ka goge.

Bi bututun ƙarfe na man birki tun daga masta silinda har baya, musamman wuraren da aka ɗaure shi da shasi, nan laka ke maƙalewa. Tiyon roba yakan kumbura ta ciki alhali wajensa lafiya lau, sai birki ya kama ya ƙi saki. Da yawa cikin tsofaffin nan layi ɗaya ke ciyar da ƙafafu huɗun, wuri guda ya huje, ka rasa duka. Saboda haka kada ka yi ƙwauro a nan, araha ba ta ado.

Hambirkin motar nan ba a taya yake ba, diram ɗinsa na bayan giya. In ka ɗaga ƙafar baya ɗaya, ba zai riƙe motar ba. Sa waigi a sauran tayoyin, kuma kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita.

In ka gama haɗawa, saita shu tukuna, sannan ka cire iska. Fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, wani na taka maka, kana kula kada mai ya ƙare a kofi. Daga nan danne birki ka riƙe. In yana nutsewa a hankali kuma babu yoyo a waje, masta ce. In ya yi laushi, da sauran iska. Gwada ta a fili, sannu-sannu, ka ga ko tana ja gefe.

Ko bayan gyara, gangara da ƙaramar giya ake saukarta, kuma in ka ƙetare rafi ka ɗan riƙa taka birki har ya bushe. Duk wanda ka ɗauka a motar nan amana ne a hannunka. Fenti zai jira ka, ɗana. Allah ya tsare hanya.