Zancen Abinci a Jarrabawar Ingilishi ta Baka

Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu zai yi tsokaci ne a kan wani ƙaramin ɓangare na jarrabawar Ingilishi ta baka, wato inda ake tambayar ɗalibi irin abincin da yake so da wanda ba ya so. Na zaɓi batun ne ganin yadda da yawa daga cikinmu ke da burin ƙaro karatu a Ingila ko Kanada ko Ostareliya bayan kammala digiri, kuma jarrabawar IELTS, wadda aka fara a 1989, tana cikin ƙofofin da ake bi. Ana ba da sakamakonta ne a mataki-mataki har zuwa 9, da rabi-rabi a tsakani. Jami'o'i da dama kan nemi 6.5 ko kusa da haka, don haka rashin rabin mataki kawai kan sa mutum ya rasa gurbi, ya kuma sake biyan kuɗin rajista, wanda ba kaɗan ba ne.

Mu da muka yi WAEC mun san takardar da ake kira Test of Orals, amma da fensir muka amsa ta, ba wanda ya nemi mu buɗe baki. A IELTS kuwa zama za ka yi da mai jarrabawa na minti 11 zuwa 14, ana ɗaukar muryarka. Kashi na farko tambayoyi ne a kan rayuwar yau da kullum. A kashi na biyu za a ba ka kati mai ɗauke da batu, a ba ka minti 1 ka shirya, sannan ka yi magana har zuwa minti 2. Kashi na uku tattaunawa ce mai ɗan zurfi a kan batun katin. Abubuwa huɗu ake auna wa: gudanar magana da haɗuwarta, yawan kalmomi, nahawu, da furuci. Zancen abinci yana iya fitowa a kowane kashi.

Kada ka bar tuwonka a gida

Abin da na fi lura da shi idan muna gwaji da abokan karatu shi ne, da zarar an ce wa ɗalibi "What kind of food do you like?" sai ya ce fiza ko baga, abincin da wataƙila sau biyu ya taɓa ci. Yana ganin tunda jarrabawar Turanci ce, dole abincin ma ya zama na Turawa. Daga nan sai a ce masa "Why?", sai gardama ta ƙare, domin ba shi da abin faɗa. Wani kuma kunya ce ke cin sa. Mun tashi ana ce mana kwaɗayi mabuɗin wahala, yaron kirki ba ya zama gaban babba yana kwarzanta abinci, sai ya amsa da "Rice" ya sunkuyar da kai. Wannan ladabi ne a zauren gida, amma a ɗakin jarrabawa asara ce, domin mai jarrabawa ba zai ba da maki a kan abin da bai ji ba.

Shawarata ita ce ka yi zancen abincin da ka tashi da shi. Ka kira shi da sunansa na Hausa, sannan ka bayyana shi da Ingilishi: da me ake yin sa, yaya ɗanɗanonsa yake, yaushe ake cin sa, me ya sa ka fi son sa. Iya bayyana abin da ba shi da suna a Ingilishi yana cikin abubuwan da ke ƙara maki a ɓangaren kalmomi. Ga misali:

"My favourite is a dish called tuwon shinkafa. It's rice cooked until it's very soft, then mashed and shaped into balls. We eat it with miyar kuka, a thick green soup made from dried baobab leaves. I prefer it to jollof rice because it's more filling, and it reminds me of evenings at home."

Jimloli huɗu ne kacal, babu wata kalma mai tsauri a ciki, amma an ba da amsa, an yi bayani, an kwatanta, an kawo dalili. Abin da ake buƙata shi ne ka tanadi sunayen kayan abincinmu: gero "millet" ne, dawa "sorghum", acca "fonio", riɗi "sesame", tsamiya "tamarind", zoɓo "hibiscus", zogale "moringa", daddawa kuwa "fermented locust beans". Kilishi ana iya cewa "thin slices of dried, spiced beef". Babban ƙamusun Oxford ya karɓi "buka" da "mama put" a 2020, daga baya "suya" da "eba" suka biyo, amma shiga ƙamus ba ya nufin kowane mai sauraro ya san su. Ka faɗe su, ka bi su da bayani.

Inda Hausa ke leƙowa ta cikin Ingilishi

Nan ne ya fi dacewa mu ɗaliban harshe mu tsaya, domin yawancin kura-kuranmu ba na jahilci ba ne, nahawun Hausa ne sanye da rigar Ingilishi.

Mu fara da aikatau "fi". Bahaushe da shi yake kwatanta abubuwa: na fi son tuwo da shinkafa, ko tuwo ya fi shinkafa daɗi. Burokar da muke ji kullum a nan Kudu ita ma haka take yi da kalmar "pass", sai ka ji an ce "I like tuwo pass rice". Idan ɗalibi ya zo gyarawa sai ya cire "pass" ya sa "than" kawai, ya ce "I like tuwo than rice", ko kuma "I prefer tuwo than rice". Dukansu kuskure ne. Hanyoyi uku ne ingantattu: "I like tuwo more than rice", "I prefer tuwo to rice", da "I'd rather have tuwo than rice". A kula, "prefer" da "to" take tafiya, kuma ba a sa mata "more", domin ma'anar fifikon tana cikinta.

Sai lokaci sabau, wato "nakan". Wannan shi ne ramin da ya fi cinye mutane. Nakan sha koko da safe, sai ɗalibi ya ce "I use to drink koko in the morning". A kunnen mai jarrabawa wannan na nufin a da kana sha, yanzu ka daina. Sabau na yanzu shi ne "I usually have koko" ko "I tend to have koko". "Used to" kuwa na abin da ya wuce ne: "I used to hate bitter leaf, but now I enjoy it." Wanda ya iya raba waɗannan biyun ya samu makami babba, domin ana yawan tambaya ko abincin da kake so yanzu shi ne wanda kake so kana yaro. Haka nan "ina son" ba ya zama "I am liking", kuma "ina jin ƙamshi" ba ya zama "I am hearing the smell". Aikatau "ji" a Hausa ya haɗe kunne da hanci da harshe, Ingilishi kuwa ya raba su: "hear", "smell", "taste".

Akwai kuma rabon "ci" da "sha". Mu muna shan lemo da mangwaro da kankana da rake, har da magani. Bature "eat" yake yi wa lemo da mangwaro, "chew" ga rake, "take" ga magani. 'Yan ajinmu Yarabawa da Ibo masu koyon Hausa suna faɗawa wannan rami ta ɗaya gefen, inda sukan ce "na ci lemo", mu yi ta dariya, alhali tamu na jiran mu a Ingilishi. Idan ka rasa ta cewa, "have" tana ɗaukar ci da sha gaba ɗaya.

Game da ɗanɗano kuwa, ni a ganina Bahaushe ba shi da uzurin cewa "sweet" ga komai, domin harshensa ya riga ya rarrabe. Zaƙi shi ne "sweet", kuma na sukari da zuma ne kawai. Daɗi "tasty" ne ko "delicious". In ka ce "the meat is sweet", mai saurare zai ɗauka an zuba wa naman sukari. Tsami "sour" ne, in kuwa mai daɗi ne irin na kunun tsamiya ko nono sai a ce "tangy". Ɗaci "bitter", maiƙo "greasy", laushin nama "tender", taurinsa "tough", garas-garas "crunchy". Yaji "spicy" ne ko "hot", kalmar "pepperish" tamu ce ta gida. Gardin gyaɗa ko riɗi ana iya kamo shi da "nutty". Wanda ya fi ba da wahala shi ne yauƙin kuɓewa. "Draw soup" ba za a gane ba, "slimy" kuma kalmar ƙyama ce, wanda ba ya son miyar ne zai faɗe ta. Mai son ta gara ya ce "it has a smooth, slippery texture".

Furuci

Ba a rage maki don mutum ya yi magana da karin harshen Nijeriya, muddin ana fahimtar sa ba da wahala ba. Don haka ba sai ka maƙale murya kana kwaikwayon 'yan Landan ba. Abin gyarawa shi ne sautukan da ke sauya ma'ana. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", kuma tamu "f" da leɓɓa biyu ake furta ta, ta Ingilishi kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Zancen abinci cike yake da su: "pepper", "fish", "fried", "palm oil", "beef". Ka yi tunanin wanda ke son cewa da cokali mai yatsu yake cin taliya, "fork" ta fito masa "pork". Ka riƙe 'yar takarda gaban bakinka: in ka furta "p" daidai iska za ta buge ta lokaci ɗaya, in "f" ce kuwa ka duba madubi ka ga haƙoranka a kan leɓe. Haka "v" take, kada "vegetable" ta koma "bejitebul", kuma gaɓa uku gare ta, nauyin yana kan ta farko.

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa "bread" ta zama burodi, "flour" ta zama fulawa. A Hausa daidai ne, amma a jarrabawa sai a cire wasalin da muka cusa.

Kashi na uku da yadda za a yi gwaji

A kashi na uku ba kai ake tambaya ba, al'umma ake tambaya: ko cimar mutane ta sauya, ko matasa sun fi son abincin sayarwa. A nan ka kwatanta da da yanzu, misali yadda taliyar Indomie da shayin mai shayi suka shige gaban ɗumamen tuwo wajen karin kumallon ɗalibai. In ba ka gane tambaya ba, ka nemi a maimaita, ya fi ka amsa abin da ba a tambaya ba.

Kada a haddace amsa. Masu jarrabawa an horar da su su gane hadda, kuma tambaya ɗaya ta gefe ta isa ta warware ta. Abin da muke yi ni da abokan gwajina shi ne mu rubuta sunayen abinci goma a 'yan takardu, ɗanwake, masa, fura, dambu, alale da sauransu, mu naɗe. Kowa ya ɗauki ɗaya, a ba shi minti 1, sannan ya yi magana ta minti 2 ana ɗauka da waya. Idan ya gama sai a sake kunnawa, a ƙirga sau nawa ya ce "sweet", sau nawa "use to" ta kuɓuce masa. Ya fi kyau a samu wanda ba Bahaushe ba a cikin masu saurare, wanda bai taɓa ganin ɗanwake ba, a tambaye shi daga ƙarshe ya faɗi abin da ya fahimta ana ci.