Darasin Fiƙihu: Rabon Makwanci Idan Iyali Suka Sauka a Masauki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda mutane ke ɗauka ƙarama ce, wasu ma suna jin nauyin tambayar malamai a kanta. Idan magidanci ya kwashi iyalinsa, da tsohuwarsa da ƙaninsa da ƴaƴansa manya da ƙanana, ya tafi da su hutu wani gari, suka sauka a otel, wa zai kwana ɗaki ɗaya da wa?

Mas'alar ta kama mu ƙwarai mu mutanen Arlit da Akokan, domin mafi yawanmu matafiya ne ko ƴaƴan matafiya. Haƙar yuraniyom ce ta tara mu. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971, sannan COMINAK ya biyo baya a 1974. Iyayenmu suka taso daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso da garuruwan Abzin suka zauna nan, suka bar dangi a can. Saboda haka da zarar an shiga babban hutun makaranta, daga watan Yuli zuwa Satumba, sai ka ga tasha ta cika. Wasu gida suka nufa. Wasu kuwa Yamai za su, don yara su ga gidan tarihi na Bubu Hama da namun dajin da ke cikinsa, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka haƙo a Gadufawa, cikin jiharmu ta Agadas, ko su leƙa raƙuman dawa a Kure. Masu dangi a Nijeriya kan kai yara gidan namun daji na Audu Bako a Kano. Wannan duka halal ne, kuma faranta ran iyali aikin lada ne ga wanda ya kyautata niyya. Sai dai daga nan zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 1,200, ba makawa sai an kwana a hanya, kuma sai an kwana kwanaki a inda aka je.

To, mu lura da yadda gidan Bahaushe yake tun asali. Akwai zaure, akwai ɗakin samari kusa da ƙofa, akwai turakar maigida, kowace mace da ɗakinta, tsohuwa da nata inda jikoki ƙanana ke kwana. Ginin da kansa ya riga ya raba makwanci tun kafin maigida ya buɗe baki. Ɗakin otel ba haka aka tsara shi ba. An tsara shi ne a kan iyalin Turawa: miji da mata da yaro ɗaya ko biyu, irin waɗanda ke cika masaukan wuraren wasan yara kamar Disneyland da aka buɗe kusa da birnin Paris a 1992. Gado babba ɗaya, banɗaki a cikin ɗakin, ƙofa guda. Idan mutum tara suka tsaya gaban mai ba da ɗakuna da tsakar dare, ga gajiya, ga kukan yara, abin da ke yanke hukunci shi ne kuɗin aljihu da gaggawa. Shi ya sa muke cewa a gida ake raba ɗakunan otel, tun kafin a ɗaure kaya.

Wasu kan ce ai tafiya lalura ce. Gaskiya ne shari'a ta yi wa matafiyi rangwame. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya nufi tafiyar mil 48, wato kimanin kilomita 80, yana yin ƙasaru, ya mai da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. An kuma yardar masa ya sha azumi ya rama. Amma babu inda aka yi wa matafiyi rangwame a kan tsare al'aura, ko keɓanta da wadda ba muharramarsa ba. Wanda bai zama muharrami a Arlit ba, ba ya zama muharrami don an wuce Abalak.

Tushen farko a wannan babi shi ne hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Amru ɗan Shu'aibu, daga mahaifinsa, daga kakansa, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni a fara sa yara salla suna ƴan shekara 7, a tsananta musu a kanta suna ƴan shekara 10, kuma a raba musu shimfiɗa. Malamanmu sun yi saɓani a kan lokacin rabawar. An ruwaito daga Ibnul Ƙasim cewa tun daga shekara 7 ne, daga Ibnu Wahbin kuwa sai 10. Sun kuma yi saɓani a kan ma'anarta. Ibnu Habib yana ganin ya wadatar kowane yaro ya kasance cikin tufarsa, kada jiki ya taɓa jiki, Lakhami kuwa yana ganin sai kowa ya samu shimfiɗarsa daban. Mu dai a ganinmu, a wannan zamani da yaro ɗan shekara 9 ke ganin abin da ya gani a wayar hannu, maganar Lakhami ita ce mafi tsira, kuma ba ta da tsada: tabarma guda da mayafi guda sun cika ta. A sani kuma cewa hukuncin bai tsaya ga namiji da mace ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri (R.A.) hanin maza biyu ko mata biyu su shiga mayafi ɗaya jiki da jiki, kuma mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya kawo wannan hukunci a littafinsa da muke karantawa a zaurukanmu.

Tushe na biyu shi ne aya ta 58 da ta 59 na Suratun Nur. A cikinsu Allah Maɗaukakin Sarki Ya wajabta wa yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wa iyaye a lokuta uku: gabanin sallar asuba, da lokacin ƙailula da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Idan suka balaga, sai su nemi izini a kowane lokaci. To, yaron da aka shimfiɗa wa katifa a gindin gadon iyayensa, a wace ƙofa zai tsaya ya yi sallama? Wannan ba ya nufin haramun ne yaro ya kwana ɗaki ɗaya da ma'aurata. Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) ya kwana yana yaro a ɗakin innarsa Maimunatu (R.A.), matar Annabi (S.A.W.), Annabi yana ciki, kuma daga wannan kwana ne ya ruwaito mana sifar sallar darensa. Abin da ake nufi shi ne, daren da yaro mai wayo yake cikin ɗaki, ma'aurata su ɗauka ba su keɓe ba, cikin sutura da magana da komai. Wanda ke dogara da cewa yaro ya yi barci, bai san yara ba.

Wurin da muke so mu daɗe a kansa shi ne sanin wane ne muharrami, domin a nan al'adarmu ta saɓa hanya da shari'a. Mace Bahaushiya tana tsananin kunyar surukinta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci gabansa, in ta hango shi sai ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Alhali mahaifin miji muharraminta ne na har abada, kamar yadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Yana iya yi mata rakiya a tafiya. Ƙanin miji kuwa, wanda al'ada ta mayar abokin wasa, yana faɗa mata ɗaki ba sallama, suna zolayar juna, shi ba muharraminta ba ne ko kaɗan, yana iya aurenta in mijin ya rasu ko ya sake ta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir (R.A.) cewa da Annabi (S.A.W.) ya yi gargaɗi game da shiga wa mata, aka tambaye shi game da ɗan'uwan miji, sai ya kamanta shi da mutuwa. Ba muna cewa a watsar da kunyar surukai ba, ladabi ce mai kyau. Muna cewa kada ta sa a nisanta tsoho daga ɗaki, a shigar da saurayi.

Haka nan taubasai da sauran ƴaƴan ƴan'uwa. Ɗan kawu da ƴar gwaggo aure ya halatta tsakaninsu, mu da kanmu muke haɗa su auren zumunci, amma in an zo rabon ɗaki sai mu ce ai wa da ƙanwa ne. Ƴar riƙo da aka ɗauko daga ƙauye, ko da a hannunmu ta girma, ba ta zama ƴar'uwar samarin gidan ba, sai fa in shayarwa ta haɗa su. Ƙanwar mata da ƴar ɗan'uwanta, haramcin aurensu ga maigida na wucin gadi ne, yana gushewa da rabuwar auren, don haka ba ya keɓanta da su. Kuma kowa ya san cewa yawancin ɓarnar da ake yi wa yara ba baƙo ne ke yin ta ba, na gida ne, wanda aka amince wa. Yarinyar da aka cuta a daren hutu ba za ta faɗa ba, iyaye su dawo suna ba da labarin raƙuman dawa, ita kuwa ta dawo da abin da zai zauna mata har tsufa.

Bari mu buga misali. A ce magidanci ya taso daga Akokan da matarsa, da mahaifiyarsa, da ƙaninsa saurayi, da ɗansa mai shekara 13, da ƴarsa mai 11, da wani mai 5, da jariri, da ƴar ƙanwar matarsa mai 15. Kuɗinsa na ɗaki biyu ne. Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne shi da matarsa da jariri su ɗauki ɗaya, sauran su tafi wurin kaka, ai tana sa ido. Kakar da ta yini cikin mota tun daga Agadas, kafin a kashe fitila ta yi barci. An tara saurayi da yaro mai jiran balaga da ƴan mata biyu a ɗaki ɗaya, da banɗaki ɗaya. Daidai shi ne a yi ɗakin maza da ɗakin mata. Maigida da ƙaninsa da babban ɗansa ɗaki guda, kowa da shimfiɗarsa. Tsohuwa da matar gida da ƴan matan da ƙananan yara ɗaki guda. Maigida ya haƙura da turakarsa na ƴan kwanaki, kamar yadda alhazanmu ke haƙura a masaukan Makka da Madina, inda ake raba maza da mata, ba wanda ya ce an tauye shi. In zai shiga ɗakin mata ya ƙwanƙwasa, ko da mahaifiyarsa ce kaɗai a ciki, domin Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum mai zama gida ɗaya da mahaifiyarsa yana yi mata hidima ya tambaya ko sai ya nemi izininta, aka ce masa ya nema, don kada ya tarar da ita ba sutura.

Mai mata biyu, sunna ita ce ya yi ƙuri'a tsakaninsu in ɗaya zai ɗauka, kamar yadda A'ishatu (R.A.) ta ba da labarin Annabi (S.A.W.) yana yi. In ya tafi da su duka, kada ya haɗa su shimfiɗa ɗaya da shi.

Ita kuwa tsohuwa, a tambaye ta: "Inna, ina kika fi so?" Sau da yawa ba a tambaya, sai a mayar da ita mai raino, a jibge mata jikoki. Gado nata ne, ba ta kwana ƙasa matasa suna bisa katifa. A nema mata ɗakin ƙasa in otel ɗin bene ne, kusa da banɗaki, a tanadar mata buta, a rage sanyin na'ura in yana taɓa mata gwiwa. Aya ta 60 ta Suratun Nur ta sauƙaƙa wa tsofaffin mata ajiye mayafin waje ba tare da bayyana ado ba, don haka kada a takura mata cikin zafi.

Mun san aljihu ya yi sanyi a gidaje da yawa tun da aka rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021. Amma ƙarancin kuɗi ba ya halatta a biya kuɗin mutum biyu, sannan a lallaɓo da bakwai ta bayan mai gadi. Wannan saɓa yarjejeniya ne, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umurni da cika alkawura. A faɗi adadin mutane gaskiya, a nemi ƙarin katifa, a yi ciniki. In kuɗin bai kai ɗaki biyu ba, a rage kwanakin hutu, ko a kama wa mata ɗaki, maza su nemi zauren ɗan'uwa, wanda da wuya mutumin Arlit ya rasa shi a Yamai ko Tawa.

Saura kwanan tasha, wanda shi ne farkon abin da ake tararwa a Agadas ko Birnin Ƙonni, inda ake shimfiɗa tabarmi a fili ɗaya da mutanen da ba a sani ba. A nan mata da ƴan mata su kwanta ta jikin bango, tsohuwa a gefensu, ƙananan yara a tsakiya, maigida da samari su tare ta bakin hanya. Yarinya ba ta zuwa banɗaki da dare ita kaɗai, uwarta ta raka ta, maigida ya tsaya daga nesa da tocila har su dawo.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya so, za mu kawo hukuncin ƙasaru da jam'in salla ga masu bin hanyar Tawa zuwa Arlit.